Robar Ɗumi a Babur ɗin Baba Salihu

Cikin duk ranakun da na yi ina gyaran babura a Jidda, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Alhamis ta lokacin sanyi, a shekarar da ta biyo bayan rushe unguwar Karantina. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan baya kuna yawan tambayata me ya sa a wurinmu kaɗai ake duba aikin mu'allim bayan ya gama. Wasunku har raɗa suke yi wai tsufa ne ya kama Mu'allim Bashir. To ba tsufa ba ne. Ku ajiye sufana ku ji yadda aka yi.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, gareji a nan warsha muke ce masa, tamu kuwa tana cikin unguwar Nuzla. Matakin ma'aikata uku ne. Akwai sabi, wato ɗan koyo. Akwai usta, wanda aka yarda ya karɓi babur ya gyara shi kaɗai. Sai mu'allim, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan aiki, ko da sunan kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mana, ne a takardar shago. A lokacin ni usta ne. Mu'allim Bashir, Bahaushen Sudan ne da ya zo Jidda tun yana saurayi, kuma a hannunsa na koyi komai. Akwai wata doka da ba wanda ya taɓa furta ta amma kowa ya san ta: idan mu'allim ya gama aiki ya ce "halas", to an gama. Ba a sake taɓawa, ba a tambaya, balle a gaban mai babur.

Mai babur ɗin da nake ba ku labari shi ne Baba Salihu. Haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka zo suka zauna, kuma amininsa na ƙut da ƙut shi ne Mu'allim, tun suna maƙwabta a Karantina. Sana'arsa haɗa yajin tsire, abin da Larabawan nan suke kira siriya. Duk Alhamis yakan ɗaure gwangwanayen yaji a bayan wani tsohon babur ɗan Japan da ya girmi 'yarsa, ya hau dutse zuwa Ɗa'if ya raba wa masu tsiren can, ya yi azahar, ya gangaro. Babur ɗin nan mun san shi kamar yadda muka san aljihunmu. Babu ƙusar da ba mu taɓa kwancewa a jikinsa ba.

Matsalar ita ce hannuwansa. Baba yana da ciwon suga, kuma da ya shiga sanyin kan dutse sai yatsunsa su mutu, ya daina jin abin da yake riƙe. A sanyin da ya gabata ya faɗi a wata kwana saboda bai ji birki a hannunsa ba. Allah ya taƙaita, amma 'yarsa Safiya, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ɗauke makulli. Sai da aka yi ta ba ta baki sannan ta yarda da sharaɗi: za ta sayo masa robar hannu mai ɗumi, irin wadda ake haɗawa da batir. Idan kuwa hannuwansa suka sake kayar da shi, babur ya tafi kasuwa, shi kuma ya zauna a gida. Baba ya taɓa gaya mini cewa tun da aka watsa su daga Karantina aka kai shi wani bene da bai san ko maƙwabcinsa ba, ranar Alhamis ce kaɗai yake jin yana da rai.

Ranar Laraba bayan la'asar ya shigo da kwali a hannu. Da muka buɗe muka gane ko mene ne, dariya ta kusa kayar da mu.

"Hita a Jidda, ya Salihu?" in ji Mu'allim. "Ka bar shi a rana minti biyar mana, kyauta ne."

"Kai ka taɓa hawa dutsen Hada a watan sanyi?" Baba ya ce. "Ba ka san komai ba sai zufa. Yalla, ku saka mini, gobe da asuba zan wuce."

Gaskiya ya faɗa. Ni ban taɓa ganin irin robar nan ba sai a waya, Mu'allim kuma ko a wayar bai gani ba. Amma aikin ba wani mai wuya ba ne. Ana cire tsohuwar roba ta hagu da ta dama, a goge ƙarfe, a shafa gam, a zura sabuwa. Kowace roba tana da wani ɗan kumburi a gindinta inda wayar lantarki take fita. Ta hagu ba ta da fitina. Ta dama ce abar kula, domin a kan totur take zama, tana juyawa tare da shi, ga kuma hannun birkin gaba a kusa. Dole kumburin nan ya zauna a inda ko an murɗa totur har ƙarshe ba zai tare birki ba. Sai kuma haɗa wuta. Tsohon babur ba ya cajin kirki, don haka ba a jona hita kai tsaye da batir, sai ta wani ɗan makunni da yake yanke wuta da zarar an kashe makulli. In ba haka ba, mutum ya manta ya shiga masallaci, ya fito ya tarar batir ya mutu.

Wannan makunnin ba mu da shi. Gam ɗin da ya zo cikin kwalin kuma ya bushe ƙaƙas, da alama kwalin ya sha zafi a motar masu kawo saƙo.

"Idi, je ka Bagdadiyya ka samo su duka biyun," Mu'allim ya ce da ni.

Na tafi. Cunkoson yamma ya riƙe ni, shagon farko ba su da shi, na biyu na tarar sun tafi salla. Kafin in dawo magariba ta wuce, Baba yana zaune a kan benci yana kaɗa ƙafa, robobi biyu kuma sun riga sun zauna a kan babur, tsaf da su.

"An samu gam ke nan, Mu'allim?" na tambaya.

"Sun zauna. Halas. Kai dai haɗa wutarka."

Na ɗauka wajen kafintan da ke maƙwabtaka ya aro. Na kama robar dama na gwada, ta riƙe ƙam, kumburin yana ƙasa inda ya dace, birki yana zuwa har ƙarshe, totur yana komawa da kansa. Na haɗa wuta, na ɗaure wayoyi, na bar wa ta dama sassauci. Muka kunna. Ba a jima ba roba ta fara ɗumi, muka yi ta miƙa wa juna hannu muna taɓawa muna dariya, sannan muka kashe, domin wa zai tsaya yana riƙe abu mai zafi a Jidda? Baba ya shafa robar kamar ya samu jika, ya yi mana addu'a, ya hau ya tafi.

Washegari da hantsi wani ɗan kai saƙon abinci ya kawo babur a canza masa roba, irin ta kullum. Ku duka kun san yadda muke yi. In za mu saka, sai mu shafa ruwan sabulun wanke-wanke a ciki, ta zame ta shiga, zafin gari ya busar da ita ta kama. In za mu cire, sai mu ɗauko butar shayi mu zuba mata ruwan zafi, sabulun da ya bushe ya farka, roba ta fito salin-alin ba tare da an yanka ta ba. Haka na koya, haka Mu'allim ya koya, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Na zuba ruwan, na ɗan jira, na murɗa. Roba ta zare ta biyo hannuna.

Sai na ji ƙarar kofi a ƙasa. Na waiwaya, na ga shayin Mu'allim ya malale a kan takalminsa, shi kuwa ko a jikinsa, ya zuba wa robar da ke hannuna ido.

"Idi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ta Salihu da sabulu na saka ta."

Ban gane nan take ba. Sai da na dubi butar, na dubi robar, sannan na fahimta. Abin da muke yi da buta, robar Baba da kanta za ta yi shi. Zafi daga cikinta yake fitowa, ruwa kuma hazon kan dutse zai kawo. In ta saki ta juya a kan totur, kumburin nan zai tashi daga inda aka ajiye shi ya tafi inda ya ga dama, kuma abin da ke kusa da shi birkin gaba ne. Hawan dutse ba ya buƙatar birki sosai. Gangara kuwa daga sama har ƙasa kwana ce bayan kwana, ga kwazazzabo a gefe.

Na kira wayar Baba, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na san dalili. In zai hau hanya cusa ta yake yi a akwatin baya, ƙarƙashin gwangwanaye, ba ya waiwayarta sai ya iso gida. Mu'allim ya ɗauko gam ɗin da na sayo jiya, wanda ko buɗe shi ba a yi ba, ya jefa a aljihu, ya ɗauki makullin a-kori-kurar warsha. Muka ba ɗan kai saƙo haƙuri, muka ja ƙofa.

Ni na tuƙa, shi yana waya. Lissafinmu ɗaya ne: Baba ba ya gangarowa sai ya yi azahar. In muka riga shi fitowa daga masallaci, an tsira. In aka samu wanda zai tare shi a can kafin mu isa, ya fi. Mu'allim ya kira duk wanda ya tuna yana da ɗan'uwa mai tsire a Ɗa'if. Da a ce Karantina tana nan, leƙa gida biyu za a yi a samu lamba. Amma an warwatse. Wannan ya koma Bahra, wancan ya canza layi, wani kuma ɗansa ne ya ɗauka ya ce ai baban ya koma Najeriya. Kowane kira sai Mu'allim ya sake maimaita bayani.

Daga ƙarshe ba yadda za a yi, ya kira Safiya. Na ji muryarta ta lasifika. Ammi take ce masa, wato baffa, ubanta kuma Abuya.

"Ammi Bashir, lafiya? Abuya ne?"

"Lafiya lau, 'yata. Akwai abin da muke so mu ƙara dubawa a babur. Kina da lambar wani a cikin masu tsiren?"

"Ba ni da ita. Wallahi ka faɗa mini gaskiya, ya ammi. Ka rufe warsha ranar Alhamis don dubawa kawai?"

"Wane masallaci yake azahar?" in ji Mu'allim.

Ta kwatanta mana: ƙaramin masallaci ne a bakin gangarar Hada, kusa da masu sayar da 'ya'yan itace, akwai wani mai tsire Malam Ilyasu a gefensa. Ta ce ita ma ga ta nan tafe da motarta. Mu'allim ya ce ta zauna, amma sai ta katse kiran.

Ban taɓa taka motar nan kamar ranar ba. Tsohuwa ce, da ta yi gudu sai sitiyari ya kama rawa, amma ban saurara mata ba. Muka zagaye Makka, muka doshi gindin dutse. Har nan rana ce tarwai, har na fara cewa a raina ƙila yau babu hazo. Da muka ɗaga kai sai muka ga saman dutsen ya ɓace, kamar an kifa masa farar ƙwarya.

Hanyar hawa da ta gangara a wasu wurare suna kusa, a wasu kuma dutse ya raba su. Mu'allim ya sauke gilashi ya leƙa kai waje, yana duba duk babur ɗin da ke gangarowa. Tun muna gani har muka daina. Hazo ya rufe mu, danshi yana kwanciya a gilashi, sanyi ya shigo motar. Na dubi hannuna a kan sitiyari na ji yatsuna sun fara ƙagewa. A lokacin ne na san abin da Baba yake faɗa jiya muna masa dariya, kuma na tabbata babu yadda za a yi a ce bai kunna hitar nan ba.

"Shekara nawa ina cire roba da ruwan zafi," in ji Mu'allim, ba da ni yake ba. "Da hannuna."

Na ci gaba da tuƙi.

Muna cikin kwanoni muka ji kiran salla daga wani wuri a sama. Na ƙara wuta, motar gabanmu kuma tana tafiya kamar tana ɗauke da ƙwai. Kafin mu kai masallacin an idar, mutane suna fitowa suna neman takalma. Mu'allim ya dire tun ban gama tsayawa ba. Mai tsiren yana nan yana hura gawayi, ga gwangwanin yajin Baba sabo a kan teburinsa.

"Malam Salihu? Ai yanzun nan ya wuce," in ji Malam Ilyasu. "Ana sallamewa ya tashi, ko nafila bai tsaya ba. Ya ce yana so ya sauka kafin 'yan sanda su rufe hanya saboda hazo. Yau kam yana cikin nishaɗi, sai nuna mana robarsa yake yi, kowa ya zo ya taɓa ya ji ɗumi."

Muka juya. Wannan gangarar ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Gudu ba ya yiwuwa, domin ba ka ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Tsayawa ma ba ta yiwuwa. Kowace kwana sai na riƙe numfashi har mu fita, idona a kan shingen kankare ina neman inda ya fashe ko ya goge. Wata baƙar inuwa ta motsa a gefen titi, ashe birai ne da suke zama a wurin suna jiran masu jefa musu ayaba. Mu'allim yana ta hailala a hankali. Ni kuwa abin da ke yawo a kaina shi ne da wane baki zan gaya wa Safiya.

A wata kwana mai lanƙwasa sosai na hango wani abu yana gangarawa a tsakiyar titi. Gwangwani ne, babu komai a ciki. Can gaba wani. Sai dogon zane fari a jikin shinge, inda ƙarfe ya goga.

"Tsaya!" Mu'allim ya daka mini tsawa.

Babur ɗin yana kwance a wani ɗan fili da motoci ke ratsewa, fitilarsa a kunne, tayar gaba ta karkace. Babu kowa a kansa. Mu'allim ya fita yana kiran "Salihu! Ya Salihu!", ya nufi bakin shinge zai leƙa ƙasa.

"Ga ni nan, ba can ba," wata murya ta ce.

Yana zaune a ƙasa, ya jingina da kankare ta ɗaya gefen, hular kwano a cinyarsa. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini yana tsatsafowa, gwiwar hannunsa ma ta goge. Mu'allim ya durƙusa yana laluba shi tun daga kafaɗa har ƙafa, hawaye yana bin gemunsa.

"Bashir, abin nan yana aiki," in ji Baba, yana nishi. "Wallahi hannuna ɗumi kamar a Nuzla. Kowane yatsa ina jin sa. Na kama birki, na ji shi sarai a hannuna, sai ya zo rabi ya tsaya. Na taka na baya, taya ta zame. Na ga in ban jingina da bangon nan ba, ƙasa zan tafi."

Na je na kashe makulli, na zare shi na ba Baba, sannan na duba. Robar dama ta juya, kumburin ya hau sama ya zauna daram tsakanin hannun birki da kan babur. Na kama ta da yatsa biyu, ta zare, har da 'yar kumfa a bakinta. Na kawo wa Mu'allim. Ya karɓa, ya nuna wa Baba, ya gaya masa abin da ya yi ba tare da ya rage komai ba. Baba ya daɗe yana kallon kumfar.

"Ni na matsa maka da sauri," ya ce. "Maganar nan ta tsaya a nan. Kai ma Idi ka ji."

Muka ɗora babur a baya, muka sa Baba a tsakiyarmu, muka lallaɓa muka sauka. A gidan man da ke gindin dutse muka tarar da Safiya tsaye a jikin motarta. Da ta ga babur a kwance a bayan a-kori-kura sai ta dafe kai. Da ta ga ubanta ya sauko da ƙafarsa sai ta fashe da kuka, ta rungume shi, sannan ta zaunar da shi a kujerar mota ta ɗauko akwatin magani. Ta wanke ciwon, ta ɗaure, ta danna haƙarƙarinsa tana kallon fuskarsa, ta sa ya motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta tabbata babu karaya sannan ta miƙe ta miƙa hannu.

"Makulli, Abuya."

"Safiya..."

"Mun yi alkawari. Na sayo abin da aka ce zai taimaka, ga shi bai hana ba. Hannunka ba na hanya ba ne yanzu. Halas. Ba zan jira ranar da za a kira ni in zo in duba gawa ba."

Baba ya dubi ƙasa. Kalma ɗaya ce za ta cece shi, ya kuwa san ta, amma ya haɗiye. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin. Ni an ce in yi shiru, kuma ba ni da hurumin tona asirin mu'allimina a gaban mutane. Zuciyata kamar ta fashe.

"Dakata, 'yata," in ji Mu'allim.

"Bashir, bari," Baba ya ce.

Bai saurare shi ba. Ya ciro robar daga aljihu ya sa a tafin Safiya, ya ce ta shafa cikinta ta shinshina.

"Sabulu ne," ya ce. "Ni na saka, ba Idi ba, ba kowa ba. Gam ya kamata a sa, na yi yadda na saba. Hannun ubanki bai ci amanarsa ba. Da bai ji birkin nan da kyau ba, da bai san ya maƙale ba sai a cikin kwazazzabo. Mutumin da yatsunsa suka mutu ba zai iya abin da ya yi yau ba. In akwai hannun da za a karɓe wa makulli, ga shi nan."

Ya miƙa mata nasa hannun, baƙi ƙirin da man inji. Safiya ta dube shi, fuskarta ta yi ja. Ta yi masa magana da Larabci mai zafi, irin wadda ban taɓa jin wani ya yi wa Mu'allim ba, ya tsaya ya shanye. Da ta gaji ta yi shiru, ta share ido, ta juya wajen ubanta, ta naɗe yatsunsa a kan makullin da ke tafinsa.

"Sai ciwon ya warke," ta ce. "Kuma sai na ga aikin da idona."

Haka aka yi. Muka miƙe tayar gaba, muka wanke ƙarfe da totur har babu ɗigon sabulu, muka sa gam mai jure zafi, muka bar shi ya kwana. Ranar gwaji Safiya tana tsaye. Muka naɗe robobin da jiƙaƙƙen tsumma daga firiji, muka kunna hita har ƙarshe, muka bar ta ta yi ta aiki har tsumman ya fara tururi. Mu'allim ya murɗa da iya ƙarfinsa, ba ta motsa ba. Ya buɗe baki zai ce halas, sai ya tsaya, ya waiwayo.

"Idi, zo ka murɗa."

A gaban mai babur, a gaban 'yarsa. Na je na murɗa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, dabarar da muka gada ta garin da muka koye ta ce. Sabulun nan bai taɓa kayar da kowa a titin Jidda ba, amma babur ba a bakin warsha yake tsayawa ba. Shi ya sa kafin in taɓa na kowa nake tambayarsa ina yake zuwa da shi. Na kuma ga cewa a sana'ar nan kowa yana iya kuskure, har wanda ya koya maka riƙe sufana, amma ba kowa ne zai tsaya a gidan mai ya miƙa hannunsa don abokinsa ya riƙe makullinsa ba.

Baba Salihu har yanzu yana hawa dutse duk Alhamis. In ya gangaro yakan biyo ta nan da tsire a takarda, ya ajiye a kan benci, ya kama hannun Mu'allim da nasa biyun ya ce, "Taɓa ka ji, ɗumi." Don haka in kuka ji tsohon nan ya kira ɗayanku ya ce zo ka murɗa, kada ku tsaya jin kunya, kada kuma ku yi masa kara. Ku murɗa da ƙarfi.